Injin zafin ƙasa da iyakwandishan na bango: za su haɗu a gida ɗaya?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune da iyalina a Miniyapolis, jihar Minesota ta Amurka. Gidan da muka saya tsoho ne, ginin shekarun 1920, mai bene ɗaya. Babu bututun iska ko ɗaya a cikinsa, da lagireton ƙarfe da tukunyar gas ake ɗumama shi, kuma tukunyar ta tsufa. Wani kamfani ya ba mu shawarar a haƙa rijiyoyi a sa mana injin da ke jan zafi daga ƙasa. To amma damuwarmu ta biyu zafin watan Yuli ne, ɗakunan sama ba sa kwantuwa. Shin ana iya haɗa injin ƙasan da iyakwandishan na bango, irin sifilit ɗin da muka saba da shi a gida, ya zama rijiyoyin ne ke sanyaya mana ɗakunan? Ko asarar kuɗi ce kawai?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya wa gidan albarka. Idan na fahimce ka, kana son injin ƙasa ya gaji tukunyar gas a hunturu, kana kuma son sanyi a ɗakunan sama da bazara ba tare da an farfasa maka bango an ja manyan bututun iska ba, sai kake tambaya ko abu ɗaya zai ɗauki nauyin biyun. Ana samun biyun a gida ɗaya, kuma aikin da nake yi ne. Sai dai sifilit ɗin da ka sani ba ya jonuwa da rijiyoyin. Ko dai a kafa maka wani akwatin bango mai kama da shi wanda ruwan sanyi ke bi ta cikinsa, ko kuma sifilit ya zauna da kansa, injin ƙasa ya zauna da kansa. Kafin ma a zo nan akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda ban ji ka ce kamfanin ya taɓo ta ba: shin lagiretocinka za su iya ɗumama gidan da irin ruwan da injin ƙasa ke bayarwa?

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da asubar hunturu ya san da ɗumi yake fitowa, kuma ita wannan rijiyar da tsakar rana a watan Afrilu ruwanta sanyi gare shi. Ruwan yana nan yadda yake, iskar waje ce ta sauya. Da zarar an wuce mita 8 zuwa 10 a ƙasa, zafin wurin kusan ba ya motsi duk shekara, yana tsayawa ne daidai da matsakaicin zafin garin. A yankinku wajen digiri 8 ne a ma'aunin Salshiyas, ko ana dusar ƙanƙara a sama ko ana zufa. Shi ya sa wannan aiki ya fi amfani a ƙasashen sanyi. A Kano ko Sakkwato ƙasar da kanta tana kusa da digiri 30, ga shi ba a bukatar ɗumama gida, don haka ribar haƙan ba ta taka kara ta karya ba.

Injin ba ya ƙirƙirar zafi, kwaso shi yake yi. Ana haƙa ramuka irin na burtsatse, zurfin mita 45 zuwa 120, a zura bututun roba mai ƙarfi wanda ya sauka ya lanƙwaso ya dawo, a cike ramin da taɓon bentonait don bututun ya manne da ƙasa. Ruwa gauraye da maganin hana daskarewa ne ke zagaye a ciki. Da hunturu ruwan ya kwaso ɗumin ƙasa ya miƙa wa gas ɗin da ke cikin injin, kwamfiresa ya matse gas ɗin ya ɗaga zafinsa, a tura zafin cikin gida. Da bazara sai a juya aikin, a kwashe zafin gida a kai wa ƙasa. A kan kowane kilowat ɗaya na lantarki da ka biya, kana samun zafi na kilowat 3 zuwa 4.

Shi kuwa sifilit, abin da ke tsakanin kansa na ɗaki da akwatinsa na waje gas ɗin sanyi ne a cikin bututun jan ƙarfe. Akwatin wajen da iska yake mu'amala, fanka ce ke hura masa. Babu mashigar ruwa a jikinsa ko ɗaya. Ba za a cire akwatin a ɗaura bututun a rijiya ba, domin kwamfiresan da ƙwaƙwalwar na'urar duk suna cikin akwatin.

Injin ƙasa na gida iri biyu ne. Akwai mai hura iska, wanda sai da bututun iska a ko'ina, kuma shi aka fi sayarwa a Amurka. Akwai mai ba da ruwa, wanda ke ɗumama ruwa ko sanyaya shi ya tura cikin famfunan gida. Gidanka na biyun kaɗai zai karɓa. Ka duba takardar da kamfanin ya ba ka tun yanzu ka ga wanne suka rubuta, don na ga inda aka kawo wa mai gida farashin na farko, sai bayan ya sa hannu aka ce masa kuɗin bututun iska daban ne.

Fara da lagiretocin

Da farko ka tabbatar ruwan zafi ne ke bi ta cikinsu ba tururi ba. Gidajen wancan zamanin akwai masu tururi da yawa. Idan bututu ɗaya ne tak ya shiga lagireton, ga kuma ɗan ƙaramin bawul a gefe yana huci idan gida ya fara ɗumi, to tururi ne, kuma injin ƙasa ba ya yin tururi. Sai an sake famfunan gidan gaba ɗaya, wanda wani lissafin ne daban. Idan bututu biyu ne, akwai famfon zagaya ruwa da tankin da ke karɓar kumburin ruwa idan ya yi zafi kusa da tukunyar, to ruwan zafi ne, mu ci gaba.

Tsohuwar tukunya tana tura ruwa mai zafin digiri 75 zuwa 82. Yawancin injinan ƙasa na gida iyakarsu digiri 49 ko 50, kuma duk yadda ka matsa su kusa da wannan iyaka, haka suke ƙara shan wuta. Lagireton da aka ba ruwa mai digiri 49 kashi ɗaya cikin uku kacal yake bayarwa na zafin da yake bayarwa da ruwan tukunya. Wannan shi ke kashe aikin a gidaje da dama.

Amma kada wannan ya karya maka gwiwa. Masu ginin 1920 sun sa lagiretoci manya ne saboda gidan a lokacin ba shi da rufin kare zafi a bango, tagoginsa gilashi ɗaya ne, iska na shiga ta ko'ina. Idan masu gidan na baya sun cusa rufi a bango da saman silin, sun sauya tagogi, to bukatar gidan ta ragu sosai alhali ƙarafan suna nan da girmansu. Na sha auna gidajen da lagiretocinsu suka ninka bukatar ɗakin sau biyu ko fiye.

Hanyar sani ita ce a yi lissafin zafin da kowane ɗaki ke zubarwa, wanda masu sana'armu ke kira Manual J, sannan a auna kowane lagireto, tsayinsa da yawan ginshiƙansa, a kwatanta ɗaki da ɗaki. Wanda ya shigo gidanka ya kalli girman tsohuwar tukunya ya ce "irinta za mu sa", bai yi aikin ba. Akwai kuma gwajin da ya fi takarda gaskiya: a cikin Janairu a rage zafin ruwan tukunyar zuwa digiri 49, a zauna kwana biyu ko uku na sanyi mai tsanani a ga ɗakin da ya gaza. Sai dai kada ka yi wannan da kanka idan tukunyar tsohuwar ƙarfe ce mai fitar da hayaƙi ta bututun sama. Irin wannan idan ruwan da ke komo mata ya sauka ƙasa da digiri 55, hayaƙin yakan zama raɓa mai tsami a cikinta, ya cinye ta da bututun hayaƙin, abin da kan iya kai wa ga iskar guba a gida. Ma'aikaci ne zai tsara gwajin.

Ɗakin da ya gaza ana ƙara masa lagireton zamani mai faɗi. Sannan a Minesota ba na yarda a bar gida ba mataimaki. Ranar 30 ga Janairun 2019 sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifili a Miniyapolis. Ba hikima ba ce a haƙa rijiyoyin da za su ɗauki irin wannan dare, don kuɗin zai yi yawa a kan kwanaki kaɗan. Ƙaramar hita ta lantarki a cikin tankin ruwan injin, ko ƙaramar tukunyar gas, ita ke cike giɓin.

Hanya ta farko: sanyi daga rijiyoyin

Injin mai ba da ruwa yana iya sanyaya ruwa zuwa digiri 7. Abin da ba za a yi ba shi ne tura wannan ruwan cikin lagiretoci. Ɗakin da ke digiri 26 da laima kashi 60 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 18 a cikinsa zai fara tara raɓa. Lagireton zai yi ta zufa, ya yi tsatsa, ruwan ya sauka a kan daɓen katako ya ruɓar da shi. Kuma bazarar Minesota laimarta ce ma ta fi damun mutum, ba zafin kaɗai ba, don haka dole na'urar ta zama mai tatse ruwan iska ta zubar a inda ya dace.

Abin da ake sawa shi ne akwatin fanka mai naɗin bututu a ciki. Akwai na maƙalawa a bango wanda idan ka gan shi za ka rantse sifilit ne, har rimot gare shi, amma ruwa ne a cikinsa. Akwai na ajiyewa a ƙasan taga, akwai na ɓoyewa a silin. Kowane yana bukatar bututu biyu na ruwa, da na zubar da raɓa, da wayar wuta. Bututun ba su fi kaurin babban yatsa ba kafin a naɗe su, don haka ana iya bi da su daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta cikin kabad ɗin bango har sama.

Naɗe bututun da soso don kada su yi zufa shi ne ran aikin. An taɓa kira na wani gida inda silin ɗin ɗakin cin abinci ya yi tabo ruwan ƙasa mai faɗin faranti, mai gidan yana zaton kwanon rufi ne ke yoyo. Da muka buɗe, bututun ruwan sanyin a naɗe yake da soso baƙi daga farko har ƙarshe, in ban da gwiwa ɗaya ta tagulla da wanda ya yi aikin ya bari tsirara, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Ɗigo ɗaya bayan ɗaya take yi tun farkon bazara, har filastar ta jiƙe ta fara saki. Duk gwiwa, duk bawul, duk maƙalin da ya riƙe bututu sai an rufe shi an manne bakin da gam, yadda iska ba za ta taɓa ƙarfen ba. Masu aikin ruwan zafi da yawa ba su saba da wannan ba, domin bututun zafi idan an bar shi tsirara zafi kaɗan kawai ake asara.

Sai maganar girma. Ɗauki misalin gidan da ke bukatar tan 5 na ɗumi da hunturu, tan ɗaya kuwa BTU 12,000 ne a awa a ma'aunin zafi na Amurka, wato kilowat 3.5. Irin wannan gida a Minesota sanyin da yake bukata da bazara bai cika wuce tan 2 ba, kuma idan ɗakin kwana ɗaya ne kawai ya kunna da dare, abin da yake nema bai kai rabin tan ba. Injin tan 5 da ake nema wa wannan ɗan aiki zai riƙa tashi yana mutuwa kowane 'yan mintuna, kuma hakan ke gajarta ran kwamfiresa. Maganin shi ne tankin ajiya tsakanin injin da ɗakunan, wanda aka yi shi don ruwan sanyi, da kuma kwamfiresa mai rage gudu da ƙarawa idan aljihu ya kai.

Ribar wannan hanya tana da yawa. Babu akwati a waje da ƙanƙara za ta binne. Injin yana zubar da zafi a cikin ƙasa mai sanyi maimakon iska mai digiri 32, don haka wutar da yake sha kaɗan ce. Ana iya ɗibar wani ɓangare na zafin a ɗumama ruwan wanka kusan kyauta. Sannan zafin da aka mayar ƙasa da bazara yana rage ramuwar rijiyoyin: a garin da ake kwasar ɗumi wata shida ko bakwai a shekara, ƙasar da ke kewaye da bututun tana iya yin sanyi a hankali idan ba a mayar mata da komai. A gida ɗaya mai ramuka huɗu ko biyar da aka ba su tazarar mita 5 zuwa 6 abin bai kai na manyan gine-gine tsanani ba, amma dole mai zanen ya san ko za a mayar da zafin ko ba za a mayar ba, domin tsawon bututun ya dogara da hakan.

Aibinta kuwa, injin ɗaya ba ya ɗumi da sanyi a lokaci guda. A watan Mayu da Satumba za ka ga rana ta gasa ɗakunan sama, da asuba kuma falon ƙasa yana neman ɗumi. Sai ka zaɓi ɗaya. Kuma ma'aikatan da suka iya ruwan sanyi a gidan zama ba su da yawa.

Hanya ta biyu: kowa da aikinsa

A nan injin ƙasa ɗumi kawai zai yi, ta lagiretoci, sai a kafa sifilit na gaske a sama da akwatinsa a waje. Mutane kan ji kamar an yi asara, an haƙa rijiyoyi masu tsada kuma ba a sanyaya da su. Amma ka yi lissafin da kanka. Kwanakin da ake kunna iyakwandishan a Miniyapolis kaɗan ne idan aka gwada da na ɗumama gida, kuma sifilit na zamani mai inbata, wato mai rage gudu da ƙarawa, ba ya shan wuta sosai. Bambancin kuɗin lantarki tsakanin hanyoyin biyu a bazara guda ƙarami ne, zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya biya kuɗin jan famfunan ruwan sanyi da tanki da bawuloli.

Ga kuma abin da nake so game da ita: na'ura biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Sifilit ɗin ƙasashen sanyi yana ɗumamawa ma. Na Mitsubishi mai suna Hyper-Heat, alal misali, yana ba da cikakken ƙarfinsa har digiri 15 ƙasa da sifili, yana kuma ci gaba da aiki har 25 ƙasa da sifili. Ranar da famfon injin ƙasa ya tsaya a tsakiyar Fabrairu, kana da inda za ka tara yara su kwana da ɗumi kafin ma'aikaci ya zo. Matsalar Mayu da Satumba ma ta kau.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sa kai ɗaya a kowane ɗaki, a haɗa su duka a babban akwati ɗaya na waje. Mafi ƙanƙantar kan bango galibi BTU 6,000 ne, ɗakin kwana kuwa sau da yawa rabin haka yake bukata. Babban akwatin yana da iyakar da ba ya iya rage gudu ƙasa da ita, sai ɗakin ya yi sanyi cikin minti kaɗan, na'urar ta tsaya tun ba ta tatse laimar ba, ka kwana cikin sanyi mai danƙo. Kai ɗaya a barandar da ke tsakanin ɗakunan sama kuma yana aiki ne kawai idan ƙofofi a buɗe suke, wanda gidan da ke da manyan yara ko baƙi ba zai yiwu ba. Abin da na fi sawa a irin gidanku shi ne siririn kai na ɓoye, a ajiye shi a silin ɗin baranda ko a lungun da ke bayan gajeren bangon ɗakin sama, a ja gajerun bututun iska na mita biyu ko uku zuwa kowane ɗaki. Na'ura ɗaya, daidai girman bukata. Akwatin waje a ɗaga shi a kan ƙafa aƙalla rabin mita saboda dusar ƙanƙara, kuma kada a sa shi inda ruwan kwanon rufi ke zuba. Ka kuma tambayi irin gas ɗin da ke ciki, domin tun daga 2025 sababbin na'urori a Amurka sun koma R-32 da R-454B, an daina ƙera masu R-410A.

Akwai wasu hanyoyin da za ka iya ji a bakin 'yan kasuwa. Akwai ƙananan injinan ƙasa na ɗaki-ɗaki masu zama a ƙasan taga, kowane da kwamfiresansa, amma ƙararsa a ɗakin kwana take. Akwai manyan na'urorin Daikin da Mitsubishi masu kawunan sifilit na gaske waɗanda ruwa ke sanyaya su, kuma su ne suka fi kusa da abin da ka kwatanta, sai dai don otal da ofisoshi aka yi su, girma da farashi da irin wutar da suke nema duk sun fi ƙarfin gida. Akwai kuma siraran bututun iska masu faɗin inci 2 na kamfanonin Unico da SpacePak, waɗanda ake zurawa cikin bangon tsofaffin gidaje, kuma suna karɓar ruwan sanyi daga injin ƙasa. Wannan ta ƙarshen ta cancanci a nemi farashinta.

Abin da zan yi da gidana ne

Da ni ne, sanyin sama zan fara rabuwa da shi da sifilit, tun bazara mai zuwa, domin wannan ba ya jiran komai kuma ba ya ɓaci ko me aka yanke daga baya. Sannan in toshe kafofin iska, in ƙara rufin saman silin, wanda shi kaɗai yana rage zafin ɗakunan sama ƙwarai. Sai in yi hunturu guda ina gwada lagiretoci. Idan sun ɗauki gidan da ruwa mai digiri 49, injin ƙasa ya halatta. Hanyar ruwan sanyi kuwa ina ba da shawararta ne ga wanda dama zai buɗe bango don gyara, ko wanda gidansa duka, sama da ƙasa, ke bukatar sanyi.

Maganar kuɗi ma ta sauya. Aikin rijiyoyi da injin dubun-dubatar daloli ne, kuma abin da ke sauƙaƙa shi a da shi ne rangwamen harajin gwamnatin tarayya na kashi 30 cikin ɗari. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta tsayar da wannan rangwame ga masu gidaje daga ƙarshen 2025, don haka duk lissafin da aka kawo maka ka duba ko da shi aka yi. Ka kuma tambayi kamfanin lantarkinku abin da yake mayarwa da irin farashin da yake ba masu ɗumama gida da wuta, domin gas yana da araha a Minesota, kuma wannan farashin ne zai nuna ko za ka ga ragi a bil. Abin da ke gefen injin ƙasa shi ne daɗewa: bututun ƙasa yana wuce shekara 50, injin cikin gida kuma 20 zuwa 25. Mai niyyar sayar da gida nan da shekara biyar ba zai ci moriyar wannan ba.

Ban ga gidanka ba, kuma akwai abubuwan da sai an tsaya a filin ake sani. Filayen cikin Miniyapolis sirara ne, da yawa faɗinsu mita 12 ne, ga gareji a baya, ga wayoyin wuta a sama, ga bututun ruwa da na gas a ƙasa. Sai mai haƙa ya zo ya ga ko motarsa za ta shiga, da kuma ko za a samu tazarar ramukan. Haƙan yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta jihar Minesota, sai da izininta kuma sai mai lasisi, saboda kare ruwan ƙasa. Wanda zai zana maka aikin ka tambaye shi takardar horon IGSHPA, ƙungiyar masu wannan sana'a da aka kafa a Jami'ar Jihar Oklahoma a 1987, ka kuma ce ya kai ka gida ɗaya mai lagireton ƙarfe da ya yi wa irin wannan aiki, wanda ya riga ya ga hunturu biyu. Idan ka samu lissafin ɗaki-ɗakin da awon lagiretocin, turo mini su tare da bil ɗin gas na Disamba zuwa Fabrairu, in duba maka ko girman injin da suka rubuta ya yi daidai.